Yadda ake farfaɗo da kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabuntawar Windows ta katse

Kwamfutar da ta ƙi tashi bayan sabuntawa galibi ba mutuwa ta yi ba. Windows ce ta fara sauya fayilolinta na ciki, ta ɗauke tsofaffi, ba ta gama dasa sababbi ba, sai wani abu ya katse ta: an ɗauke wuta, batirin laftof ya mace, wuri ya ƙare a faifan ajiya, ko wani direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Windows da wata na'ura a jikin kwamfuta, ya ƙi jituwa da sabon tsarin. Takardunka da hotunanka suna nan daram a kan faifai. Abin da ya fi hallaka su shi ne gaggawar yi wa kwamfutar fomat, wato goge faifanta gaba ɗaya, kuma shi ne abu na farko da masu gyara da yawa ke kawowa domin ya fi musu sauƙi. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da dama na ƙaura zuwa Windows 11, shi ya sa ake yawan cin karo da wannan matsala. Matakan da ke ƙasa suna aiki a kan duka biyun, kuma jerinsu yana da muhimmanci: a fara da wanda ba ya ɓata komai.

Ka tabbata ta tsaya ne, ba aiki take ba

Idan allon na nuna ɗigogi suna zagayawa, ko rubutun "Working on updates" ko "Undoing changes made to your computer", ka saka caja ka ƙyale ta. A kan tsohon faifai mai juyawa, babbar sabuntawa kan ci awa biyu zuwa uku, kuma lambar kan maƙale a wuri ɗaya na tsawon lokaci. Duba ƙaramar fitilar faifai idan kwamfutar na da ita: muddin tana ƙyaftawa, aiki ake yi. Kashe ta a wannan hali shi ke mayar da ƙaramar matsala babba.

In awa uku ta wuce ba motsi, danna maɓallin kunnawa ka riƙe na daƙiƙa 10 har ta mutu. Zare duk abin da ke jikinta: filash, firinta, modem, katin ajiya, faifan waje. Idan batirin na cirewa ne, cire shi da caja, ka riƙe maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, sannan ka mayar da caja ka kunna. Ana samun kwamfutar da filash ɗin da aka manta a jikinta ne kaɗai ke hana ta tashi, domin tana ƙoƙarin tashi daga kansa.

Duk saƙon da ya fito, ɗauki hotonsa da waya. Lambar kuskuren tana nuna inda ciwon yake. 0xc000000e, 0xc000000f, 0xc0000098 da 0xc0000225 duk suna nuni ga bayanan tashi, wato kwamfutar ta kasa gano inda Windows take. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE na nufin Windows ta fara tashi amma ta kasa magana da faifan. CRITICAL_PROCESS_DIED kuwa yawanci fayilolin tsari ne suka lalace. Idan allon baƙi ne amma kibiyar linzami na motsi, gwada danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan na sake tayar da direban hoto.

Akwai hali guda da ya sha bamban: ka kunna, fanka na juyawa, amma ko tambarin HP ko Dell bai fito ba. Nan ba Windows ce ta lalace ba. Windows Update kan kawo sabuntawar BIOS ma, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, kuma idan ita ce ta katse, sai an dawo da BIOS ɗin tukuna. A yawancin laftof na HP, ana riƙe maɓallan Windows da B, a danna na kunnawa na daƙiƙa biyu zuwa uku, a ci gaba da riƙe su har allon gyara ya fito. A Dell, ana zare caja, a riƙe Ctrl da Esc, a mayar da caja ana riƙe da su. In hakan bai yi ba, aikin mai gyaran allon uwa (motherboard) ne.

Shiga ɗakin gyara

Windows na da ƙaramin tsarin gyara da ke zaune a wani ɓangare daban na faifai, sunansa WinRE, shi za mu kira ɗakin gyara. Don shiga, kunna kwamfutar, da zarar ɗigogi sun fara zagayawa ka riƙe maɓallin kunnawa har ta mutu. Ka yi haka sau biyu. A kunnawa ta uku za ka ga "Preparing Automatic Repair", daga nan ka zaɓi Advanced options, sannan Troubleshoot, sannan Advanced options kuma.

Idan bai fito ba, ko ya fito amma kibod da linzami ba sa aiki a cikinsa, sai ka haɗa filash na gyara a wata kwamfuta mai lafiya. Ana buƙatar filash mai aƙalla 8GB, kuma duk abin da ke kansa zai goge. Sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kai tsaye, ka zaɓi yin filash, ka tanadi data da ta haura 5GB. Ka guji Windows ɗin da aka yi wa kwaskwarima da ke yawo a shagunan tura manhaja, domin wasu an cire musu kayan gyaran da kake nema. Saka filash ɗin a kwamfutar da ta lalace, kunna, ka yi ta danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a laftof na Asus. Idan allon dasawa ya fito, kada ka danna Install. Zaɓi Repair your computer, ko Repair my PC a sabon filash na Windows 11.

Makullin BitLocker

Wataƙila shuɗin allo ya tare ka yana neman makulli mai lambobi 48. Wannan BitLocker ne, tsarin da ke kulle faifai don kada ɓarawo ya karanta shi. Mutane da yawa ba su san yana kunne ba, saboda sababbin laftof kan kunna shi da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft. Sabuntawar da ta taɓa BIOS ko tsarin tashi kan sa ya zaci an sauya kwamfutar, sai ya nemi makulli.

Da wayarka, buɗe account.microsoft.com/devices/recoverykey ka shiga da asusun da aka yi amfani da shi a kwamfutar. Kowane makulli na da lambar shaida, ka daidaita haruffa takwas na farko da waɗanda ke kan allo. Idan kwamfutar ofis ce ko ta makaranta, makullin na wurin sashen kwamfuta nasu. Idan wani ne ya saita maka ita da asusunsa, misali mai shagon da ka saya, makullin na can cikin asusunsa. Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce: in babu wannan lamba, babu mai gyaran da zai buɗe faifan, Microsoft ma ba za ta iya ba. Don haka kada ka goge komai sai ka bincika duk asusun imel da aka taɓa shiga da shi a kwamfutar.

Kwashe fayiloli kafin gyara

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kowanne daraja. Saka faifan waje ko babban filash, ka buɗe Command Prompt, baƙar tagar da ake rubuta umarni a cikinta, daga Advanced options.

Abu na farko, gano harafin faifanka. A cikin ɗakin gyara haruffa kan sauya: X: shi ne ɗakin gyaran kansa, Windows kuma takan koma D: ko E: maimakon C:. Rubuta:

`diskpart`
`list volume`
`exit`

Dubi girman kowane ɓangare. Gwada `dir D:\` ka gani ko akwai foldojin Windows da Users da Program Files. A sauran bayanin nan za a ɗauka D: ce Windows, E: kuma faifan waje, kai ka sa naka haruffan. Idan faifan a kulle yake, buɗe shi da:

`manage-bde -unlock D: -RecoveryPassword` sai lambobin 48 da ƙananan layukan (-) da ke tsakaninsu.

Hanya mafi sauƙi ga wanda bai saba da rubuta umarni ba ita ce ya rubuta `notepad`, ya danna File sannan Open, ya sauya nau'in fayil zuwa All Files. Tagar da ta buɗe tana aiki kamar mai binciken fayiloli: danna dama a kan folda, Copy, ka je faifan waje, Paste. Ba za ka ga alamar ci gaba ba, tagar za ta yi kamar ta daskare har ta gama, ka yi haƙuri da ita. Ga fayiloli masu yawa, wannan umarni ya fi:

`robocopy D:\Users\Sunanka E:\Ajiya /e /xj /r:1 /w:1`

/xj na hana shi shiga gajerun hanyoyin da ke mayar da shi inda ya fito yana ta zagaye. /r:1 na sa ya gwada fayil mai matsala sau ɗaya ya wuce. In ba ka sa ba, zai iya kwana a kan fayil guda. Fayilolin OneDrive da ke da alamar gajimare ba sa kan faifai dama, suna can a intanet, kada rashinsu ya tayar maka da hankali.

Kula da yadda kwafin ke tafiya. Idan faifan na ƙara ƙas-ƙas, ko kwafin na tsayawa yana kawo kurakuran karantawa, to faifan ne ke mutuwa, sabuntawar ta fallasa shi ne kawai saboda yawan rubutun da ta yi. A nan ka fara da mafi muhimmancin fayiloli, kuma kada ka yi chkdsk, umarnin duba faifai da gyara shi, tukuna, domin wahalar da yake ba faifai na iya ƙarasa shi. Gwajin faifai na cikin kwamfutar zai tabbatar maka: F2 a HP lokacin kunnawa, ko F12 sannan Diagnostics a Dell. In ya faɗi gwajin, sai sabon faifai.

Gyara daga mai sauƙi

A cikin Advanced options, Startup Repair ka gwada sau ɗaya. Idan ya ce ya kasa, kada ka ɓata lokaci kana maimaitawa. Rahotonsa na D:\Windows\System32\LogFiles\Srt\SrtTrail.txt, wani lokaci yakan ambaci sunan fayil ɗin da ya hana tashi.

Uninstall Updates shi ne maganin da ya fi dacewa da wannan ciwo. Zaɓi biyu ne a ciki. Latest quality update na cire ƙaramar sabuntawar wata-wata. Latest feature update na mayar da kai tsohuwar Windows gaba ɗaya, misali daga 11 zuwa 10, ta amfani da foldar Windows.old. Wannan na biyun yana aiki ne cikin kwana 10 da yin ƙaura, bayan haka Windows na goge foldar. Saboda haka kada a jingine kwamfutar da ke tashi rabi-rabi har wa'adin ya wuce, kuma kada kowa ya goge Windows.old da sunan neman wuri.

System Restore na mayar da tsari da direbobi zuwa wata rana ta baya ba tare da taɓa takardunka ba. Matsalarsa ita ce a kwamfutoci da yawa a kashe yake, sai ka tarar babu wurin komawa. In akwai, zaɓi na kafin ranar sabuntawa.

Sai Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman direbobi kaɗai: Startup Settings, Restart, ka danna 4, ko 5 idan kana son intanet. Idan ta tashi a nan, to Windows lafiyarta ƙalau, wani direba ne ko manhaja ke kayar da ita. Waɗanda aka fi kamawa su ne direban hoto, riga-kafin ƙwayoyin cuta na wani kamfani daban, da manhajojin VPN. Cire su, ka sake kunnawa. Abin da ya faru ranar 19 ga Yuli 2024 misali ne a sarari: sabuntawar manhajar tsaro ta CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 a duniya, kuma maganin bai wuce shiga Safe Mode a goge fayil guda ba.

Idan sai an rubuta umarni

Lokacin da Windows ke sabuntawa, takan rubuta jerin ayyukan da za ta ƙarasa bayan sake kunnawa. Idan ɗaya ya gagara, kowace kunnawa sai ta sake gwadawa ta sake faɗuwa, shi ne zagayen da ba ya ƙarewa. Ana soke jerin haka:

`mkdir D:\Scratch`
`dism /image:D:\ /scratchdir:D:\Scratch /cleanup-image /revertpendingactions`

Foldar Scratch tana da amfani domin wurin aikin da ke cikin ɗakin gyara ƙarami ne, DISM kan koka da shi. Bayan ya gama, fita ka kunna. Tashin farko zai ɗauki lokaci tana warware abin da ta fara.

In ba ta tashi ba, duba sabuntawar da ta shiga a ƙarshe:

`dism /image:D:\ /get-packages /format:table`

Nemi wadda ke ɗauke da ranar da matsalar ta fara, ko mai alamar Install Pending. Kwafi dogon sunanta daidai, harafi da harafi, ka sa a nan:

`dism /image:D:\ /scratchdir:D:\Scratch /remove-package /packagename:SUNAN`

Daga nan gyara fayilolin tsari da tsarin faifai:

`sfc /scannow /offbootdir=D:\ /offwindir=D:\Windows`
`chkdsk D: /f`

Idan ka rubuta sfc /scannow shi kaɗai a nan, ɗakin gyaran zai duba, ba Windows ɗinka ba. Shi kuma chkdsk, /f ya isa bayan ɗaukewar wuta. /r na bin faifai gaba ɗaya, yana iya cin yini a kan babban faifai mai juyawa.

Idan rashin wuri ne ya jawo, lambar da ake gani ita ce 0x80070070. Tunda ka riga ka kwashe fayilolinka, goge manyan bidiyo daga Downloads, ka kuma sauya sunan foldar da sabuntawa ke sauka don Windows ta buɗe sabuwa:

`ren D:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old`

Sauya suna kaɗai ba ya ba da wuri. Bayan ta tashi lafiya sai ka goge tsohuwar.

Gyaran bayanan tashi

Wannan na masu ganin 0xc000000e da 'yan uwanta ne. Umarnin bootrec da ke ko'ina a intanet na tsohon tsarin faifai ne mai suna MBR. Kusan duk kwamfutar da ta zo da Windows 8 zuwa sama tana kan sabon tsarin tashi mai suna UEFI, kuma a can `bootrec /fixboot` kan amsa da "Access is denied". Ba lalacewa ba ce, kayan aikin ne bai dace ba. Don tantancewa, shiga diskpart ka rubuta `list disk`. Tauraro a ƙarƙashin Gpt na nufin UEFI.

A UEFI, fayilolin tashi na zaune a wani ƙaramin ɓangare mai tsarin FAT32, girmansa yawanci 100MB zuwa 260MB, ba shi da harafi. Ba shi harafi, ka sake rubuta fayilolin:

`diskpart`
`list volume`
`select volume 2`
`assign letter=S`
`exit`
`bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI`

Lambar 2 misali ce, ka sa ta ɓangaren FAT32 naka, kuma ka lura kada ka zaɓi filash ɗin gyara, domin shi ma FAT32 ne. Saƙon nasara shi ne "Boot files successfully created". A cikin diskpart, umarni biyu ne ba a taɓawa a wannan aiki: clean da format. Clean na share taswirar faifai gaba ɗaya cikin daƙiƙa guda, ba ya ko tambayarka.

Idan babu tauraro, wato MBR ne, sai ka bi da `bootrec /fixmbr`, `bootrec /fixboot`, da `bootrec /rebuildbcd`.

Leƙa BIOS

INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE sau da yawa daga nan take. Sabuntawar BIOS, ko mutuwar ƙaramin batirin allon uwa mai lamba CR2032, kan mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani. Idan an dasa Windows faifan na kan AHCI, saitin kuma ya koma RAID ko Intel RST, ba za ta ga faifan ba. Shiga da F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. Duba abu uku: yanayin SATA, inda ake zaɓen AHCI ko RAID, ko tashi na kan UEFI ne ko Legacy, da kuma ko Windows Boot Manager ne a saman jeri. Sauya abu ɗaya, gwada, in bai yi ba mayar da shi kafin ka taɓa na gaba. Idan kwanan wata a BIOS ya koma shekarun baya, batirin ne, kuma kuɗinsa kaɗan ne.

Sake dasawa ba tare da fomat ba

In duk wannan ya gaza, Reset this PC tare da Keep my files zai sake gina Windows, ya bar takardunka, ya cire manhajojin da ka dasa. Idan Local reinstall ya ƙi saboda fayilolin ciki sun lalace, Cloud download na sauko da sababbi, yana cin data sama da 4GB.

In shi ma ya ƙi, tashi daga filash, zaɓi dasawa ta Custom, ka danna ɓangaren da tsohuwar Windows take, ka wuce gaba ba tare da danna Format ko Delete ba. Mai dasawar zai tattara tsohon tsarin da foldar Users cikin Windows.old. Da ta tashi, kwashe abinka daga C:\Windows.old\Users a ranar. Lasisi ba abin damuwa ba ne: idan kwamfutar ta taɓa zama da halastacciyar Windows, za ta kunna kanta da ta hau intanet, muddin ka dasa irin wadda take da ita, Home ko Pro.

Bayan ta tashi

Windows za ta sake neman sabuntawar da ta kayar da ita, don haka dakatar da ita daga Settings, Windows Update, Pause updates, har ka gano sanadi. Idan babbar ƙaura ce ta faɗi, karanta setuperr.log da ke C:\$Windows.~BT\Sources\Panther, ko ka sauke SetupDiag na Microsoft ya karanta maka. Lambar da ta fara da 0xC1900101 kusan kullum direba ne. 0x800F0922 kan fito idan ƙaramin ɓangaren tashi ya cika.

Kafin ka sake gwadawa, bar wurin da ya kai 30GB a faifai, cire riga-kafin da ba na Windows ba, zare na'urorin waje, ka rubuta makullin BitLocker a takarda. Kunna System Restore. Da zarar ƙaurar ta yi nasara, tsawaita wa'adin komawa baya daga kwana 10 zuwa 60 ta buɗe Command Prompt a matsayin mai gudanarwa ka rubuta:

`dism /online /set-osuninstallwindow /value:60`

Batun wuta kuwa, a inda ake ɗauke ta ba sanarwa, kada ka fara babbar sabuntawa a destof da ba ta da UPS ko inbata, ko a laftof da batirinta ba ya riƙe awa ɗaya. Lokacin sauyawa daga wutar gari zuwa janareta kaɗai ya isa ya katse aikin.

Masu laftof na hannu da aka shigo da su daga waje su duba abu guda kafin ƙaura zuwa Windows 11. Tana buƙatar kayan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot, RAM 4GB, faifai 64GB, da firosesa na Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Ana iya tsallake sharuɗɗan da Rufus, manhajar haɗa filash na dasa Windows, kuma galibi takan yi aiki, amma Microsoft ba ta ɗauki alkawarin sabuntawa ga irin wannan kwamfuta ba, babbar sabuntawar shekara-shekara kuma sai ka dasa ta da hannu. Tsofaffin firosesa irin Core 2 Duo, da ba su da SSE4.2, ba sa tashi da sigar 24H2 ko kaɗan. Idan irin wannan ce a gabanka, duk umarnin da ke sama ba zai tashe ta a kan 24H2 ba; sai dai ka kwashe fayilolinka, ka mayar da ita Windows 10 ko ka dasa mata Linux mara nauyi kamar Linux Mint.